Riga Mai Lamba Huɗu

Ban taɓa ganin yayana Abdulghaffar yana buga ƙwallo ba. A Jidda ta wancan zamani mace ba ta zuwa filin wasa, ko da ɗan ɗakinsu ne ake yi wa tafi. Abin da na sani game da wasansa daga rigarsa na san shi, don ni ke wanke ta tun ina yarinya. In ta dawo da farin gishirin gumi a kafaɗa kawai, na san an ci wasa ba wahala. In wuyanta ya yage, an sha kokawa da 'yan gaban wata ƙungiya. In kuwa ya jefo ta cikin kwano bai ce uffan ba, na san an ci su, sai in ɗauko sabulu. Shuɗiya ce, mai farar lamba huɗu a baya, kuma sau da yawa ni ke sake ɗinke lambar in ta fara ɗagowa.

Sunana Zakiya. Mahaifinmu Malam Yahya mutumin Kazaure ne. Da ƙafa suka taso shi da Innarmu Dela, suka yi shekaru a hanya, suka yi tsinkar auduga a Sudan, suka ƙetaro teku daga Sawakin. Da suka sauke farali sai suka kama ɗaki a unguwar Hindawiyya ta Jidda kafin guzurin komawa ya haɗu. A ɗakin aka haifi Abdulghaffar a 1948, ni kuma na biyo bayansa. Baba ya ɗauki sanda da garwa biyu yana kai ruwa gidajen cikin gari, Inna tana soya gyaɗa a bakin layi.

A ƙarƙashin gadon Baba akwai wani akwatin ƙarfe da ba mai taɓawa. Tsarabar mutanen gida ce a ciki, ya saye ta tun Hajjinsa na farko. Babbar tsarabar ta yayarsa A'i ce, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, wadda kuma ya yi wa alkawari a ƙofar gari cewa zai dawo. Duk shekara maganarsa ɗaya ce, bayan Hajjin bana za mu tafi. In Hajji ya wuce sai wani abu ya gitta, ko ciwo, ko haihuwa, ko guzuri ya ƙi cika. Sai a ɗaga zuwa baɗi.

Ina ƙarama ƙwarai aka shiga rubuta mutanen unguwa waɗanda suka daɗe a ƙasar, ana ba su tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Umda, mai unguwarmu, da kansa ya tako har ƙofarmu. Inna ce ta ba ni labarin, ta kuma maimaita shi har na haddace.

"Ya Hajj Yahya, 'ya'yanka nan aka haife su," in ji umda. "Yalla, zo a rubuta ku, halas, shi ke nan."

Baba ya ajiye garwarsa ya ce, "Allah ya saka da alheri, ya umda. Mu alhazai ne, a kan hanya muke. Baƙo raɓa ne. In na karɓi wannan takarda, me zan ce wa A'i?"

Maƙwabcinmu Garba, wanda suka ƙetaro teku jirgi ɗaya da Baba, bai tsaya wani dogon tunani ba, ya je aka rubuta shi da iyalinsa. Baba ya daɗe yana masa kallon wanda ya yar da gida. Allah ya jiƙan Baba, mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mana hannu ba. Amma har gobe in na tuna wannan magana tasa ta raɓa sai raina ya ɓaci, don ban taɓa ganin raɓar da ta shekara talatin a wuri ɗaya ba.

Abdulghaffar ya koyi ƙwallo a fakon gishirin da ke kudu da unguwa, ba takalmi. Ƙasar wurin ba ta yafiya, wanda ya faɗi sai ya bar fatarsa a can, shi ya sa ya tashi ɗan baya mai tsayuwa da ƙafafunsa, ba ya zamewa ƙasa don ƙwace ƙwallo. Da ya girma ya shiga dako a tashar jiragen ruwa, yana sauko da buhunan shinkafa da siminti ta kan katako mai lilo. Ya ce mini can ya gane cewa ƙafa tana ƙarya amma ƙugu ba ya yi, in kana so ka san inda mutum zai nufa, ƙugunsa za ka duba. Ni dai na ce masa Allah ya ba da sa'a, abin da ya dame ni shi ne ya daina kawo mini riga da jini.

Ƙungiyar Najmul Bahar ta ɗauke shi yana saurayi. Ƙaramar ƙungiya ce a lokacin, ta 'yan dako da masunta da yaran kanti, filinta ƙasa ce zalla. Ba wanda ya tambaye shi takarda. Shugabanta Shaikh Othman, wani ɗan kasuwa mai son a gan shi da zakaru, shi ya zama kafilinsa, wato wanda ke tsaya masa a kan iƙamarsa, takardar izinin zama a gari. Kullum in an ci wasa sai ya dafa shi ya ce, in Allah ya kai mu babban rukuni, maganar tabi'iyyarka a wuyana take. Abdulghaffar ya riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Aka nuna masa 'yan mata a unguwa, har da Turai 'yar gidan Garba wadda kowa ya san tana sonsa, ya ce a bari sai bayan kakar wasa. Na ce masa shi da Baba ba su da maraba, wancan bayan Hajji, wannan bayan kaka. Ya yi dariya, Turai kuma ta gaji ta auri wani direba.

Sai aka gina sabon filin wasa a Jidda, mai ciyawa. Ranar da aka fara shayar da ita Abdulghaffar ya je ya leƙa ta tsakanin ƙarafan ƙofa, ya dawo yana ba ni labari kamar wanda ya ga Aljanna.

"Zakiya, wallahi koriya shar. Mutum zai iya faɗuwa a kanta ya tashi da fatarsa."

"To sai ka je ka faɗi."

"Sai 'yan babban rukuni, ya ukhti, ƙanwata. Amma muna tafe."

Daga ranar ba shi da wani buri sai ya taka wannan ciyawa da rigarsa mai lamba huɗu. Suka yi ta fama shekara da shekaru, su kusa, su zame. A 1977 suka haye. Unguwa ta kwana biki, Inna ta raba gyaɗa kyauta, har Baba, wanda bai taɓa yarda cewa ƙwallo sana'a ce ba, ya ce Allah ya sa albarka.

A wannan rani ne kuɗi suka shigo harkar, ƙungiyoyi suka fara sayo 'yan wasa daga ƙetare. Aka kuma ce a gasar, kowace ƙungiya baƙi biyu kaɗai za ta rubuta. Najmul Bahar tana da wani ɗan gaba daga Tunis. Shaikh Othman kuwa ya ga manyan ƙungiyoyi suna kawo mutanen Brazil, ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Ya kira Abdulghaffar ofis, ya sa aka kawo masa shayi.

"Ya Abdulghaffar, inta waladna, kai ɗanmu ne, kowa ya sani. Amma a takarda kai ajnabi ne, baƙo."

"Ajnabi daga ina, ya ammi? Daga Hindawiyya?"

"Ni ban yi dokar ba, ya waladi. Gurbi biyu ne. Ka ci gaba da atisaye da mu, maganar takardarka tana hannu. Bana kawai."

Ya dawo gida da rana tsaka, hannunsa ba komai. Na tambaye shi rigar, don ranar wanki ce. Ya ce an karɓa, za a ba mai ita.

Mai ita sunansa Inasiyo, mutumin Brazil. Ni na ƙudura a raina zan tsane shi, na kuwa fara tun kafin ya sauka. Na zaci wani jan Bature ne mai ɗaga hanci. Da Abdulghaffar ya kawo shi gidanmu na leƙa ta bayan labule, sai na ga baƙin mutum dogo mai furfura ɗaya-ɗaya, wanda in ka sa masa jallabiya ba mai cewa ba ɗan unguwarmu ba ne. Shaikh Othman ne ya ɗora wa yayana aikin kula da shi, ya nuna masa gari, ya raka shi kasuwa, ya tsaya tare da shi a atisaye. Wato an ƙwace maka gado an kuma ce ka yi wa baƙo shimfiɗa. Na faɗa masa haka, ya ce in bari.

"Ya fi ni, Zakiya," ya ce da ni wata rana yana cire takalmi. "Na so a ce bai fi ni ba, amma ya fi ni. Kafin a buga ƙwallo ya riga ya san inda za ta sauka."

Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo, don ta hana ni abin da zan riƙe in yi fushi da shi.

Ba su da harshe ɗaya. Da hannu suke magana, da 'yan kalmomin Larabci da Inasiyo ya tsinta, da hotunan da yake yawo da su a jaka. A haka Abdulghaffar ya haɗa labarinsa ya kawo mana. Mutumin wani gari ne a bakin teku da ake kira Bahiya. Shi ma ba takalmi ya fara, a kan yashi. Wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi yana yaro ta kai shi birni, ya yi tashe, har an taɓa kiransa atisayen ƙungiyar ƙasarsu, aka sallame shi kafin a buga wasa ko ɗaya. Daga nan gwiwa ta tashi, aka yi mata tiyata, aka sayar da shi ga ƙungiya ƙarama, ita ma ta sayar ga wadda ba ta kai ta ba. Jidda ce kasuwarsa ta ƙarshe, kuma ya sani. Kafin kowane wasa sai an yi masa allura a gwiwar. Uwarsa tana nan da rai a Bahiya, tsohuwa mai farin ɗankwali a hoto, kuma ita yake ginawa ɗaki.

Ranar da Inna ta soya ƙosai aka kai musu zaure, sai muka ji baƙo ya yi wata irin dariya. Abdulghaffar ya shigo ya ce mutumin nan hawaye yake yi. Wai irin wannan ƙosan uwarsa ke soyawa tana sayarwa a bakin titi, da manja, har da miyar kuɓewa suna yi. Ya ce kakannin Inasiyo daga ƙasar baƙar fata aka kwaso su a jirgi, amma bai san daga wane gari ba. Baba ya fita zaure wurin baƙon. Ya sa Abdulghaffar ya tambaye shi yaushe zai koma gida. Inasiyo ya nuna da hannu cewa in kaka ta ƙare.

"Madalla," in ji Baba. "Mu ma bayan Hajji."

Ina bayan labule na ji kamar in fasa kwanon da ke hannuna.

Kaka ta ƙare, Inasiyo bai tafi ba, an ƙara masa shekara. Takardar Abdulghaffar kuma tana hannu, kullum tana hannu. Da asuba ya tafi tasha ya yi dako, da la'asar ya je filin ƙasa ya yi atisaye kamar wanda zai buga gobe. Ranar wasa ya ɗauki jakar Inasiyo ya raka shi har bakin ramin da 'yan wasa ke fitowa, daga nan mai gadi ya nuna masa hanyar hawa sama wurin 'yan kallo. Ni ina gida da rediyo, ina jin mai sharhi yana kiran lamba huɗu da wani suna. Rigar da yake kawo mini wanki yanzu farar shimi ce ta atisaye, ba lamba, ba komai. Na ce masa wannan zaman jiran gawon shanu ne, ya nemi mata ya yi aure. Ya ce ɗan baya ba ya barin wurinsa don ƙwallo ta yi nisa.

Ana saura 'yan makonni Hajjin 1978 gwiwar Inasiyo ta tafi gaba ɗaya. A rediyo na ji, mai sharhi ya ce an fitar da shi a kan makarar ɗaukar masu rauni. Ba zan ɓoye ba, a gidanmu an yi jaje da baki, amma kowa ya san gurbi ya buɗe. Abdulghaffar ya kwana biyu a asibiti wurin abokinsa, ya dawo ya ɗauko takalmansa ya shafa musu mai. Sa rai ga ci shi ke kawo yunwa, na sani, amma ni ma na sa.

A cikin kwanakin nan Baba ya kwanta. Ƙirji ne, na shekarun da ya yi yana ɗaukar ruwa. Alhazai suna ta sauka a tasha, gari ya cika da farin harami, shi kuma yana kwance yana tambaya ko jirgin mutanen Kano ya iso. Ya rasu kafin a hau Arfa. Aka binne shi a Jidda, a ƙasar da ya ƙi yarda a rubuta shi a cikinta. Inasiyo ya zo gaisuwa da sanduna biyu, ya zauna a kan tabarma da ƙafa miƙe, ba ya jin abin da ake faɗa, yana dai shafa fuska in ya ga an shafa.

Bayan an share makoki Inna ta ce a jawo akwatin. Da ƙyar makullin ya buɗe. Gwangwanayen zamzam sun yi tsatsa sun huje, ba ko ɗigo a ciki. Zaren tasbahohi ya ruɓe, 'ya'yan sun watse a gindin akwati. Asu ya cinye huluna. Abu ɗaya ne ya tsira, don an naɗe shi cikin fata, wani farin mayafi mai bakin zari, na A'i.

Na ce, "Inna, ko za a ba wani alhajin Kazaure ya kai mata?"

Inna ta ce, "Wace A'in? Ai tun shekarar da aka haife ki wani alhaji ya kawo labarin rasuwarta."

"Baba ya sani?"

"Shi aka faɗa wa."

"Kafin zuwan umda?"

"Kafin zuwan umda. Ya ce ita ta mutu, alkawarin bai mutu ba, zai je ko kabarinta ya gani."

Na juya na kalli Abdulghaffar. Yana tsugune yana tsintar 'ya'yan tasbaha ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a tafin hannu. Na so ya yi faɗa, ya yi zagi, ya fasa wani abu, ko na sami abokin kuka. Bai ɗago kai ba.

Ba a jima ba Shaikh Othman ya aiko a kira shi. Ya yi wanka, ya ɗauki takalman da ya shafa wa mai ya sa a jaka. Inna ta bi shi da addu'a har bakin layi. Da ya dawo na tare shi a ƙofa, fuskarsa kawai na duba na koma ciki. Sai da ya sha ruwa ya faɗa mana. An sayo wani ɗan baya daga Brazil, yaro ne, gwiwarsa lafiya lau. Jirgin da zai kawo shi ranar Alhamis zai sauka, ranar da Inasiyo zai tashi. Shaikh ya ce tunda Abdulghaffar ya iya zama da su, shi ya fi dacewa ya je filin jirgi ya raka wancan ya taro wannan.

"Ka ce masa me?" na tambaye shi.

"Na ce to."

"To? Shekara nawa kana zubar da jini a filinsa, ka ce to?"

"Iƙamata a hannunsa take, ya ukhti. Halas."

Ranar Alhamis kafin ya fita ya durƙusa gaban Inna ya roƙe ta mayafin. Ta dube shi, ta ɗauko ta ba shi, ba ta tambayi dalili ba. Ni ce na kasa haƙuri na tambaya.

"Tsaraba ce, Zakiya," ya ce. "An saye ta don a kai wa wata tsohuwa a gida. Duk cikin mutanen da na sani, shi kaɗai ne zai koma gida."

Ya ce da ya miƙa wa Inasiyo mayafin ya nuna masa hoton tsohuwar mai farin ɗankwali, mutumin ya gane. Ya jingina sandunansa, ya buɗe jakarsa a tsakiyar mutane, ya zaro wani abu ya cusa masa a hannu. Suka rungume juna, aka kira jirgi. Daga nan yayana ya zagaya ɗaya ƙofar, ya tsaya ya jira sabon baƙo, ya ɗaukar masa akwati.

Bai ƙara zuwa atisaye ba. Ya koma dako gaba ɗaya, yana nan a tasha har bayansa ya fara ƙi. Bai yi aure ba. In yaran unguwa suna ƙwallo a layi ta gangaro wurinsa, yakan tare ta da gefen ƙafa ya mayar musu, ya wuce abinsa.

Abin da Inasiyo ya ba shi kuwa, a yammacin wannan Alhamis ya jefo mini shi cikin kwano, kamar yadda ya saba a da. Shuɗiyar rigar ce. Na gane ɗinkina a gefen lambar. Tun ranar da aka fitar da mai ita a makara ba a wanke ta ba. Na duba ta ciki da baya yadda nake duba rigunansa, ba jini, ba jar ƙasa. A gefen dama, daga haƙarƙari zuwa ƙugu, akwai dogon shatin kore inda mutum ya zame a kan ciyawa.

Na ɗauko sabulu, sai ya riƙe mini hannu.

"Bar wannan wurin," ya ce. "Kada ki wanke shi."

Na ninke ta yadda take, na sa a akwatin Baba inda mayafin ya tashi, muka mayar da shi ƙarƙashin gado.